Giyar kabewa a gida: me zan saya, me zan bari?

Tambaya: Ni mutumin Jos ne, ina zaune a jihar Ohio ta Amurka. Na taso ina ganin kakata tana tsirar da dawa don burukutu. Ga shi kabewa ta cika kasuwa, ina so in gwada dafa giyar kabewa tun daga ƙwayar sha'ir. A shago an nuna mini wani injin lantarki mai tsada. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Wannan amsa taka ce da duk wanda addininsa bai hana shi ba. Aikin da kakarka take yi da dawa shi za ka yi da sha'ir, sai dai kai za a sayar maka da shi an riga an tsirar an busar. Ka ce su ɓarza maka a shagon, kada ka sayi injin niƙa.

Masu wannan harka a Amurka sukan dafa galan 5, wato lita 19. Kada ka fara da wannan. Fara da galan ɗaya, kusan lita 4, wanda sha'ir kilo ɗaya ya ishe shi. Tukunyar miya mai cin lita 10 ta wadatar, sai jakar raga da za ka zuba ɓarzajjen sha'ir ka tsoma a ruwan zafi, idan ya gama ka ɗaga ta tsane. In dahuwar farko ta ɓaci, asarar ba ta kai ta hana ka barci ba.

Inda nake so ka kashe kuɗi shi ne ma'aunin zafi mai kyau. Sha'ir yana buƙatar ya zauna awa ɗaya cikin ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 68 a ma'aunin Salsiyas, a nan ne sitacinsa yake komawa sukari. In zafin ya zarce sosai aikin ya tsaya, kuma yatsa ba ya gane wannan bambancin. Sai maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su Star San, domin bayan ka tafasa ruwan awa ɗaya da furen hops (furen da ke ba giya ɗaci) ya huce, duk abin da zai taɓa shi dole a tsabtace shi, har cokali. Burukutu da tsaminta ake son ta, kuma cikin kwana kaɗan ake shanyewa. Wannan kuwa makonni za ta yi, tsami a cikinta lalacewa ce.

Batun kabewar. Manyan nan da ake sassaƙa wa fuska lokacin bikin Halowin na Amurka ruwa ne kawai, bar su. Nemi ƙanana masu tsoka, ka tsaga ka gasa har su yi laushi gefensu ya yi ja. Ta gwangwani ma tana yi, amma duba takardar jikinta: zallar kabewa, ba wadda aka haɗa da sukari da kayan ƙamshi ba. Kabewa tana sa haɗin ya yi danƙo ya ƙi tacewa, don haka ka sayi buntun shinkafa, cikin hannu ɗaya ka gauraya da sha'ir da kabewar a ruwan zafin. Kuma ka sani, kabewar kanta ɗanɗanonta kaɗan ne ke fitowa. Abin da mutane suke ji kirfa ce da citta da kanumfari da gyaɗar ƙamshi. A galan ɗaya, rubu'in ƙaramin cokali na haɗinsu ya isa, a minti biyar na ƙarshen tafasa. Ka yi hattara da kanumfari musamman, yana danne komai.

Tambaya: Kwana nawa kafin in ɗura a kwalba, kuma zan iya sayar wa abokai?

Amsa: Idan ruwan ya huce ka zuba yis, ka ba shi mako biyu a wuri mai zafin digiri 18 zuwa 20. Sayi haidiromita, ma'aunin da ke nuna yawan sukarin da ya rage a ruwan, ba shi da tsada. Idan awon bai sauya ba cikin kwana uku, sannan ka ɗura. Wanda ya yi gaggawa kwalba tana iya fashe masa, kuma tana iya ji masa ciwo. Sayarwa kuwa babu. Dokar da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1978 ta ba baligi damar dafa galan 100 a shekara, gida mai baligai biyu ko fiye galan 200, don amfanin gida kaɗai. Ka kuma duba dokar jiharka kafin ka fita da ita daga gida.