Tambaya da Amsa: Wai da gaske yis ɗin burodi na iya yin man mota?

TAMBAYA: Salam. Ni ɗan keke maruwa ne a Agege, tun da aka cire tallafin mai a 2023 rabin abin da na samu a gidan mai yake ƙarewa. Ƙanina da ke karatun kimiyya yace min wai akwai wata mata a Amurka da ta gyara yis, irin wanda ake sa wa burodi, har yana mayar da karan masara da garin katako man mota. Dan Allah gaskiya ne? In gaskiya ne zan iya haɗawa a gida? Garin katako dai ga shi nan a Legas har ƙona shi ake.

AMSA: Wa alaikassalam. Ƙaninka bai yi ƙarya ba, sunan matar Nancy Ho, ta jami'ar Purdue a jihar Indiyana. Amma haɗawa a gida kam a'a, zan zo kan dalili.

Yis abu ne mai rai, ƙwaya ce da ido baya gani, in ta samu sukari sai ta ci ta fitar da iska da kuma itanol, wato barasa mai kama wuta. Iskar ce ke kumbura ƙullun burodin Agege da na fanke, itanol ɗin kuma shi ake tacewa a gauraya da fetur. Wannan ba sabon abu bane, Barazil tun 1975 ta kama shi gadan-gadan da rake, yau fetur ɗinsu sama da kashi ɗaya cikin huɗu itanol ne.

Toh ina matsalar take? Rake da masara da rogo abinci ne, kuma ni dai raina baya so a ɗauki abin da talaka zai jiƙa gari da shi a zuba wa mota. Shi yasa masana suka juya kan abin da ake zubarwa, kara, totuwa, ɓuntun shinkafa, tuƙar rake. Sai dai sukarin da ke cikin waɗannan iri biyu ne manya, gulukos da zailos, shi yis ɗinmu gulukos kawai ya iya ci, zailos ko kallonsa baya yi, alhali a karan masara ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na sukarin, kaga an yi asara kenan tun ba a fara ba.

Nan aikin matar nan ya shigo. Wajen 1980 ta fara, ta ɗauko ƙwayoyin gado guda biyu daga wani yis na daban mai suna Pichia stipitis wanda shi yana cin zailos amma ba shi da juriya, ta dasa su cikin yis na gama-gari, sannan ta ƙara ƙarfin wata ƙwayar gado ta uku da dama shi yis ɗin yana da ita amma ba ta aiki sosai. Sai a 1993 abin ya yiwu, yis ɗaya yana cin sukarin biyu a tare. Ka lissafa shekarun nan da kanka, kuma fa a lokacin ba a ma gama karanta ƙwayoyin gadon yis ba, sai 1996 aka kammala, kusan guda 6,000. Wallahi duk sanda na tuna wannan haƙurin sai ta ƙara girma a idona. Kamfanin Iogen na Kanada ya yi aiki da yis ɗinta wajen yin mai daga karan alkama, a 2016 kuma Obama ya rataya mata lambar yabo ta ƙasa kan fasaha.

Yanzu batun gida. Yis baya cin katako kai tsaye, sai an dafa shi da zafi mai tsanani da sinadari, a zuba wasu sinadaran masu narka shi ya koma sukari, kuma katako ya fi kara taurin kai nesa ba kusa ba. Bayan yis ya gama aikinsa ma yawancin abin da ke cikin tankin ruwa ne, sai an tace an sake tacewa har ruwan ya fita kusan duka, in ba haka ba injin kekenka ne zai ji a jikinsa. Ga haɗarin gobara a gidan haya mai ɗaki-ɗaki, dan Allah kar ka gwada. Kuɗin waɗannan matakai da na kwaso karan daga gonaki shi ya kayar da manya, kamfanin DuPont na Amurka sun buɗe katafariyar masana'antar yin irin wannan man a jihar Ayowa a 2015, zuwa 2017 sun rufe ta.

Mu nan Najeriya tun 2007 muke da manufar gauraya itanol kashi 10 cikin fetur, mu ne kan gaba a duniya wajen noman rogo, ɓawonsa kuma tsibi-tsibi yake ruɓewa a inda ake yin gari. Ka ce wa ƙaninka in yana son fannin nan ya riƙe darasin ƙananan halittu da kyau, ya nemi zuwa koyon aiki a cibiyar binciken masana'antu ta tarayya da ke Oshodi, daga Agege mota ɗaya ce.