Me ya sa jikina bai ƙi ɗan da ke cikina ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. An yi wa yayan mijina dashen ƙoda a ƙasar waje, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya ce ta ba shi. Duk da haka safe da dare sai ya sha magani, wai in ya bari jikinsa zai ƙi ƙodar. Ni kuma ina da cikin wata biyar, ni da maigidana kuwa ba dangin iya ba na baba. In jiki bai yarda da naman ƴar'uwa ba, yaya nawa ya yarda da ɗan da rabinsa na wani ne? Ko garkuwar jikina ce ta mutu?
Wata mai karatu, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Allah ya raba lafiya, ya ƙara wa yayanku sauƙi. Garkuwarki na nan da ranta. Tambayar nan taki kuwa ita ce Peter Medawar, masanin dashe na Ingila, ya yi tun 1953, aka yi shekaru ana kai-kawo a kanta.

Kin taɓa shiga motar Magarya ko ta Matamaye, jandarma ya leƙo ta taga ya ce kowa ya fito da katinsa? Haka cikin jiki yake. Kusan kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da wasu furotin a bayanta, ana ce musu HLA, su ne katinta na shaida. Wani likita Bafaranshe, Jean Dausset, ya gano na farkonsu a 1958. Manyan katunan su ne HLA-A da HLA-B da HLA-C, kowanne yana da iri dubbai a cikin ƴan Adam, rabi daga uwa rabi daga uba. Ko tsakanin shaƙiƙai, sau ɗaya cikin huɗu ne katunan ke zuwa daidai duka. Da ƙwayoyin T, wato jandarmomin garkuwar jiki, sun ga baƙon kati a jikin ƙoda sai su far mata. Maganin yayanku aikinsa ke nan, ya riƙe su.

Jinjiri kuwa jininsa ba ya gauraya da naki. Mabiyiya ce ke tsakaninku, ƙwayoyinta ne ke kutsawa cikin bangon mahaifa. Waɗannan ƙwayoyi ba sa nuna A, ba sa nuna B, sun soke su a aljihu. To amma da sauran rina a kaba, don akwai wasu jami'an da ake kira ƙwayoyin NK, su marar kati suke farauta. Wanda ya miƙa hannu wayam, shi suke kashewa. Ga su kuma jingim a bangon mahaifa: a watanni ukun farko, kusan kashi 70 cikin 100 na fararen ƙwayoyin jinin da ke wurin su ne.

Nan ne ƙananan katunan ke shigowa, wato HLA-E da HLA-F da HLA-G. Gidansu ɗaya da manyan, a kuromozom na 6, wato ɗaya daga cikin ƙunshin bayanan gado da ke cikin ƙwaya, sai dai su ba su da iri barkatai; nawa da naki da na maigidanki kusan duk ɗaya ne. HLA-E ma iri biyu ne kacal suka game duniya. Saboda haka ba sa tona ko ɗan wane ne. Sun fi kama da takardar izinin wucewa.

HLA-G shi ne na mabiyiya. An gano shi a 1987, a 1990 aka tabbatar a can yake zaune. In ya taɓa wasu makama da ke jikin ƙwayoyin garkuwa, ILT2 da ILT4, sai su sassauta. Yana da siga bakwai: huɗu manne da ƙwaya, uku narke cikin ruwan jiki, har a jinin mai ciki ana samunsu. HLA-E kuwa, ni dai duk sanda na karanta aikinsa sai na yi tasbihi. Ba ya fitowa bayan ƙwaya sai ya ɗauko ɗan guntun da ya ragu wajen ƙera sauran katunan, kamar yaron tela da ya fito da ƙyallen yadi don a san ana ɗinki a shago. NK na ganin ƙyallen, ta wata makama mai suna NKG2A, sai ta mai da wuƙa kube. HLA-F shi ma yana mabiyiya, yana mu'amala da NK ta wasu makamai.

Kada ki ɗauka an ɗaure NK ɗin ne kawai. Na mahaifa aiki ake ba su: suna taimakawa a buɗe jijiyoyin jinin mahaifa su yi faɗi, abinci ya ishi jinjiri. In buɗewar ba ta yi kyau ba, daga nan ake samun hawan jinin masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga, kuma bincike da dama ya samu ƙarancin HLA-G a mabiyiyar irin waɗannan mata.

Takardar izini kuwa ɓarawo ma yana sonta. Wasu nau'o'in kansa kan fito da HLA-G ko HLA-E su wuce shinge salin-alin. Ƙwayar cutar CMV har ƙyallen jabu take ƙerawa ta miƙa wa HLA-E. Shi ya sa ake gwajin magunguna irin su monalizumab, masu toshe NKG2A don NK ta farka ta kama kansar.

Ke dai babu awon HLA-G da za ki nema, ba ya cikin awon ciki, kuma ba ki bukatar maganin yayanku. Kada ma ki kusance shi. Abin da nake so shi ne duk ranar awo ki tabbatar ungozoma ta ɗaura miki abin tansiyo ta rubuta a katinki, a duba fitsari. In kika ji ciwon kai mai nacin gaske, ko ganinki ya dushe, ko fuska da hannuwa suka kumbura, kada ki jira ranar awo, a nemo abin hawa a kai ki asibiti ko da tsakar dare ne.