Ki bar batunki yadda yake

'Yar'uwa, kin ce ana ta ce miki littattafan soyayya ba abin da ɗalibi zai rubuta kundin digiri a kansu ba ne, kina tambaya ko ki sauya batu. Ni dai shawarata kada ki sauya.

Gardamar nan ta girme ki. Tun shekarun 1990 aka kai ruwa rana a jaridar New Nigerian, tsakanin masana, Ibrahim Malumfashi na kiran littattafan Adabin Kasuwar Kano, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu na kare su. Mu kuwa 'yan Zariya ai mun san asalin abin. Ƙagaggun labaran da yau ake ji da su a aji, gasar da Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Fassara, ya shirya a nan garin a 1933 ce ta haife su, don jama'a su sami abin karantawa da boko. Da kamfanonin ɗab'i suka ja baya a shekarun 1980, sai matasa suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu, mata da yawa a ciki. Auren dole, kishi, saki, karatun 'ya mace, a nan matan suka faɗe su da bakinsu.

Wahalar da na sha lokacin da nake nawa kundin a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ta samun littattafan ce. Littafi ba shekara, wani ma ba sunan maɗaba'a. Wani littafin kashi na ɗaya na hannuna, na biyu sai da na yi mako uku ina zagayen masu ba da haya tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada. Wanda na samu bangon ya fita, an ɗinke shi da zaren kitso. A gefen wani shafi, daidai inda miji ya saki uwargida, wata ta rubuta "Allah ya isa" da biro, wata kuma ta ba ta amsa a ƙasa da jan biro. Babi guda na fitar daga irin wannan rubutun gefe, kuma shi malamina ya fi yabawa.

Don haka kada ki ce za ki rungumi soyayya gaba ɗaya, ki kama marubuciya ɗaya ko jigo ɗaya. Ki tara littattafan a hannu kafin ki kai take, ki ɗauki hoton kowane shafi. In kuwa na Wattpad da WhatsApp za ki yi, ki adana su da kwanan watan da kika sauke, don marubuciya kan goge labari rana tsaka.