Kullum ina kimtsa gida, bayan kwana biyu ya sake hargitsewa

Tambaya: Malama, duk ƙarshen mako sai na wuni ina kimtsa gida, amma kafin kwana biyu komai ya koma gidan jiya. Durowa ta cika, ƙarƙashin gado ya cika, kuma ba na iya rabuwa da komai. In sayi ƙarin akwatunan ajiya?

Amsa: 'Yar'uwa, ki riƙe kuɗinki tukuna. Akwati ba ya rage kaya, ɓoye su kawai yake yi. Aikin da kike sha duk mako sauya wa tarkace mazauni ne, alhali yawansu ne ke damun gidan.

Ki daina bin ɗaki-ɗaki, ki bi kayan iri-iri. Yau tufafi kaɗai: ki kwaso su duk inda suke, ki zube wuri ɗaya. Sai kin ga tulin da idonki za ki yarda da yawansu. Gobe kayan kicin, jibi takardu. Hotuna da kyaututtuka su zo ƙarshe, don wadda ta fara da su a zaune za ta wuni tana tuna baya.

Batun kasa rabuwa kuwa, ba ke kaɗai ba ce, halin ɗan Adam ne. A binciken da Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler suka wallafa a 1990, an raba wa rabin wasu ɗalibai a Amurka kofuna. Da aka ce su sayar, waɗanda aka bai wa sun nemi kusan ninki biyu na abin da sauran suka yarda su biya, alhali yanzun nan kofin ya shiga hannunsu. Da abu ya zama naki, sai darajarsa ta ƙaru a idonki. Don haka kada ki tambayi kanki ko zai yi amfani wata rana, ai ko murfin da ba shi da tukunya zai ci wannan jarrabawar. Ki ce: da ba ni da shi, zan fita in saye shi yau?

Abin da kika yi ta waswasi a kansa, ki sa a kwali, ki rubuta kwanan wata. In wata shida ya wuce ba ki buɗe ba, ki bayar. Kuma kayan bayarwa su bar gidan a makon, in ba haka ba, da ɗaɗɗaya za su koma durowa.

Sai bayan nan za ki ba kowane abu mazauninsa, na kullum a kusa da hannu. A lokacin ne za ki san ko akwai buƙatar akwati.

Amma in kayan sun kai ga hana amfani da gado ko toshe hanya, kuma tunanin fitar da su na jefa ki cikin ƙunci mai tsanani, ki ga likita. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware larurar tara kaya a matsayin ciwo mai zaman kansa, kuma ana kula da masu ita.