Takardar mai unguwa ta isa, ko sai na kira ɗan safiyo?

Malam, ka ce ka sayi fili hamsin da ɗari a bayan gari, kana da takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu, kana tambaya ko sai ka kashe kuɗin safiyo. Don Allah ka kashe, tun kafin ka aza bulo ɗaya.

Takardar ciniki tana nuna wa ya sayar, wa ya saya, amma ba ta nuna daidai inda filin ya tsaya. Iyakar "daga bishiyar maina zuwa tsohuwar rijiya" ba ta ɗorewa. Ana sare bishiya, ana cike rijiya, shaidu kuma su rasu. Ɗan safiyo zai auna, ya kafa dutsen siminti mai lamba a kowace kusurwa, ya fitar da zane mai lambobin GPS. Ko wani ya tumɓuke dutsen, da lambobin za a mayar da shi gurbinsa.

A gidan mahaifinmu maƙwabci ya shigo da katanga kamar ƙafa uku. Ba mu da zane, muka shekara biyu ko gaisuwa babu. Har yau abin yana min ciwo.

Ka tabbatar mai awon yana da rajista da SURCON, hukumar da ke yi wa 'yan safiyo rajista a Najeriya. Ranar awo ka kira duk wanda kuke iyaka da shi, da mai unguwa, su gani da idonsu. Da zanen za ka nemi C of O, wato takardar shaidar mallakar fili, wadda dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon bayarwa. In a Kano kake, KANGIS za ka je, wato hukumar da ke kula da bayanan filaye ta jihar.