Amsar ƙanenmu da ya tambaya ko Yakuza shi ne GTA na Japan

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Afuwan, na ga tambayar tun da safe, hannuna ne ba sarari, shi ya sa na ce bari kawai in yi murya. Ƙanenmu ne ya ce wai ya ga ana ta zuga wannan gem ɗin Yakuza, shin shi ne GTA na Japan, kuma ko zai iya farawa daga na Hawai tunda shi ne aka ce ya fi kyan hoto. To ni dai na san abin da kake tambaya, ƙanena. Kana so ka ji ko ya cancanci ka ƙona datarka da kuɗinka a kai. Ya cancanta. Amma in ka shiga da tunanin GTA, gem ɗin nan na satar mota, wallahi kwana biyu za ka goge shi ka dawo nan kana zaginmu.

Ba a satar mota a cikinsa. Ba ka da ikon tare mutum yana tafiyarsa ka kwaɗa masa sanda. Unguwa ɗaya ce tal aka gina yawancin labarin a kanta, Kamurocho, wadda suka kwaikwayo daga Kabukicho ta gaske da ke Shinjuku a Tokyo, kuma da ƙafa za ka ratsa ta daga wannan kai zuwa wancan cikin 'yan mintuna. In ka gaji ka hau tasi. Shi ke nan. Amma fa lungu-lungu akwai abin yi, nan shagon shinkafa da nama, can gidan waƙa, can gidan gem na Sega da za ka shiga ka buga tsofaffin wasanninsu a cikin wasan. Tun 2005 da na farko ya fito a PS2 suke dawo da kai wannan unguwar, har ta kai ni yanzu na fi sanin hanyar Millennium Tower, dogon benen da ke unguwar, a kan gidan wasu danginmu. Allah Ya yafe mini.

Daga Yakuza 0 za ka fara. Ban yarda da wata magana ba a nan. Na san babban yayanmu zai fito ya ce a fara daga Kiwami tunda shi ne na farko da aka sabunta, yallaɓai da girmanka, a'a. Zero ya fito a Japan a 2015, ya iso sauran duniya a 2017, labarinsa kuma a Disambar 1988 yake, lokacin da kuɗin filaye ya haukace a Japan. Duk rigimar nan, duk jinin da aka zubar, a kan wani ɗan fili ne da ke maƙale a tsakanin gine-gine, wanda ko teburin mai shayi da bencinsa ba zai ɗauka da kyau ba, amma an yi masa kuɗi yen biliyan ɗaya saboda shi kaɗai ya rage a saye a rushe wurin a yi sabon gini. Kazuma Kiryu, jarumin wasan, ɗan yakuza, wato 'yan dabar Japan, a lokacin yaro ne ɗan shekara 20, an aike shi karɓo bashi, ya daddaki mutumin ya tafi, washegari sai ga gawar mutumin a wannan filin. Kai da ka taɓa ganin yadda rigimar fili take raba 'yan uwa, ba sai an yi maka dogon bayani ba.

Kuma saboda zamanin kuɗi ne, in ka naushi mutum kuɗi ne ke zubowa daga jikinsa, da kuɗin kuma kake sayen sabbin dabarun faɗa. Wannan dabarar ta burge ni ƙwarai.

Sai Majima, ɗaya jarumin na Zero. Kai, Majima! Yadda aka fara nuna shi a Osaka, yana manajan wani katafaren gidan rawa mai suna Grand, ido ɗaya a rufe, gashi a ɗaure, wani mashayi ya juye masa kwalba a ka, shi kuma bai ɗaga hannu ba, da ladabi ya kunyata mutumin har mashayin ya biya wa kowa abin sha. A waje ana ce masa sarkin dare, alhali fursuna ne, ko garin ba a bari ya bari. Sai aka ce masa in yana so ya koma cikin ƙungiya ya kashe wani Makoto Makimura. Ya je da wuƙarsa ya tarar ashe mace ce, makauniya. Nan zan tsaya, ba zan ɓata maka ba. Abin da nake so ka gane, in ka fara daga Kiwami, Majima zai zo maka a matsayin mahaukaci kawai mai fitowa daga kwandon shara da ramin kwata yana neman faɗa. In ka fara daga Zero kuwa, kowane ihun da ya yi sai ka ji wani abu ya taɓa ka, don ka san abin da ya mayar da shi haka.

Shi ma Nishikiyama, aminin Kiryu, haka. A na farkon, shi ne ya harbe ubangidansu Dojima a 1995, Kiryu ya ɗauki laifin ya yi shekara 10 a gidan yari, ya fito a 2005 ya tarar yen biliyan 10 na ƙungiyar Tojo sun ɓace, amininsa kuma ya zama wani mutum daban. In ba ka ga yadda suke a Zero ba, gidan marayu ɗaya, cin abinci tare, ba za ka ji zafin cin amanar ba.

Wani gargaɗi kafin in manta, kuma wannan tsohon ciwo ne. Zero da na buga a PS4 ba ya ajiye maka wasa da kansa, sai ka je rumfar tarho a bakin titi ka yi sebin. Ranar nan na zauna tun bayan la'asar, na yi faɗa da Kuze, wannan tsohon ɗan damben da ba ya jin magana, sau biyar kake haɗuwa da shi a wasan, har da wanda ya zo maka a kan babur da bututun ƙarfe a cikin magudanar ruwa. Da ƙyar na kayar da shi, hannuna har zufa yake, fad ɗin na zamewa. Maimakon in nemi tarho, sai na ce bari in leƙa gidan bolin in ci kazar nan da ake ba mutum. Eh, kaza mai rai, Nugget sunanta, kuma kana iya naɗa ta manaja a kamfaninka na dillancin gidaje, kada ka tambaye ni dalili. Ina cikin jifa aka ɗauke wuta. Awa kusan uku ta tafi. Na zauna a duhu ina kallon talabijin ɗin kamar zai ba ni haƙuri. Sati guda ban kunna ba. Don haka duk tarhon da ka gani, tsaya. Ko da yake, tsaya, na ji an yi sabon bugu na Zero daga baya, ni dai na PS4 nake ba ka labari.

Yanzu kai da na Hawai ɗinka. Infinite Wealth ke nan, na Janairun 2024. Ba laifinsa, yana da kyau, amma ci gaban na bakwai ne, kuma rabin nauyinsa a kan Kiryu yake, ya tsufa, ciwon daji ya kama shi, yana zagaya wuraren da ya yi rayuwa yana tuna mutane. Kai da ba ka san mutanen ba me za ka tuna? Kamar ka je zaman makokin wanda ba ka taɓa gani ba ne.

Kuma faɗan ma ya canza. Daga na bakwai, wanda ya fito a 2020, suka bar dambe kai tsaye suka koma na bi-da-bi, ka zaɓi abin da za ka yi, abokin gaba ya yi nasa. Na yi fushi da farko, ba zan ɓoye ba, a nan zauren ma na ce sun kashe gem ɗin. Na janye. Ichiban Kasuga, sabon jarumin, ya saye ni. Shi ma laifin wani ya ɗauka saboda ubangidansa Arakawa, ya shiga a 2001 ya fito a 2019, shekara 18, yana tsammanin za a zo tarbarsa a ƙofar gidan yari, ba kowa. Da ya kutsa ya sami ubangidan, harsashi aka ba shi, ya farka a cikin bola a Yokohama. Mutum ɗan shekara 42 yana tsintar gwangwani, yana bin layin ofishin neman aiki, abokansa wani tsohon nas da ke kwana a titi da ɗan sandan da aka kora. Kuma dalilin faɗan bi-da-bin, shi Ichiban ɗin tun yana yaro mayen Dragon Quest ne, wani tsohon gem mai irin wannan faɗan, a kansa haka yake ganin duniya. Sai dai ka shirya wa babi na 12, akwai wani faɗa a wurin da zai tura ka ka koma neman ƙarfi dole, ba wayo.

Abin da ya sa na bakwai ya zauna mini, ba ƙirƙira ba ce zalla. Yakuza na gaske a Japan sun taɓa haura mutum dubu 180 a farkon shekarun 1960, a 2023 kuwa suna wajen dubu 20. Dokar da ta fara matse su ta fara aiki a 1992, sannan zuwa 2011 kowace jiha ta kafa nata ƙa'idojin da suka hana jama'a hulɗa da su. Ko ka tuba ka fita, kusan shekara biyar ba ka buɗe asusun banki, ba ka kama hayar gida cikin sauƙi, ko layin waya ya zama aiki. To mutum ya ci me? Wannan tambayar ce gem ɗin ya riƙe, har a farkon na Hawai za ka ga Ichiban yana nema wa tsofaffin 'yan ƙungiya aikin yi. Su tsarinsu na uba da ɗa ne, ka sha ƙoƙo ɗaya da ubangida ka zama ɗansa, in ka yi laifi ka yanke ɗan ƙaramin yatsa ka miƙa. Duk jerin wasannin nan, in ka cire barkwancin, labarin yaran gida ne masu riƙon amana da iyayen gidan da ke cinye su.

Amma kada in yi ta yabo kamar biyana aka yi. Akwai abin da har gobe ban yafe ba, kuma wanda bai buga na huɗu ba ya tsallake minti ɗaya daga nan. Harsashin roba. Saejima, aminin Majima, a 1985, ya shiga shagon taliya shi kaɗai da bindiga shida, ɗaya a baki, ya harbe mutum 18. A ranar ne ya kamata Majima ya raka shi, aka tsare shi, a nan ya rasa idonsa. Mutumin nan ya yi shekara 25 a kurkuku yana ɗauke da rayuka 18 a wuyansa, akwai wurin da ya tsaya a filin dambe yana kuka yana gaya wa 'yan kallo abin da kisa yake yi wa wanda ya yi shi. Na ce kai, wannan rubutu ne. Sai can gaba aka ce wai harsasan na roba ne, suma kawai suka yi, wani ne ya bi su daga baya ya ƙarasa su. Haba jama'a! Mutum 18, a ɗaki ɗaya, ba wanda ya motsa, ba wanda ya yi tari? Shi kuma mai harbin bai lura ba? Don kawai kada a ce jaruminsu ya yi kisa. Kuma ba su tsaya nan ba, robar nan ta sake dawowa a cikin labarin. Wannan ita ce cutar marubutansu, ba sa iya barin mutum ya mutu ya huta, wanda ka yi wa kuka a wannan wasan sai ka gan shi bayan shekaru yana sayar da abin sha a wata mashaya. Shi kansa Kiryu ana cewa ba ya kisa, mutumin da zai ɗaga keke ya rotsa maka a ka, ya taka fuskarka, sai ka miƙe ka sunkuya ka ce yi haƙuri ka ba shi kuɗi. To, shi wannan na dariya ne, na yarda. Amma robar nan, a'a.

Ina nake ma? Eh, jeri. Zero, Kiwami, Kiwami 2 inda za ka haɗu da Ryuji Goda na Osaka. Na uku mutane suna ƙorafin wai ka daɗe a gidan marayu a Okinawa kana sasanta yara, kuma abokan faɗa sun cika tare duka. Ƙorafi na biyun gaskiya ne, na farkon kuwa ni shi na fi so, nan ne kaɗai ka ga mutumin yana cikin kwanciyar hankali. Na biyar dogo ne har ya yi yawa, Kiryu na tuƙa tasi a Fukuoka, Saejima na farautar beyar a dusar ƙanƙara, Haruka, yarinyar da Kiryu ya raina, na gasar rawa. In ba ka da lokaci, ka yi Zero da Kiwami biyun, ka tsallaka zuwa na bakwai, ba wanda zai kama ka. In kuma damben ne ya shiga ranka, nemi Judgment, unguwar ɗaya ce amma da lauyan da ya koma mai bincike, labarinsa ma ya fi na wasu daga cikin manyan tsari.

Sunan ma kada ya ruɗe ka a kanti, daga baya sun koma kiransa Like a Dragon, wanda shi ne ma'anar sunansa na Japananci tun asali, Ryu ga Gotoku. Abu ɗaya ne.

Ka bar muryoyin a Japananci ka karanta rubutun ƙasa, kuma ka shirya karatu, don wani lokaci sai a yi minti 20 ana magana ba ka taɓa fad ba. Sannan don Allah ba a falo ba. Akwai giya, akwai caca, akwai gidajen mata masu zaman hira, wasu ƙananan labaran ma in Hajiya ta shigo ba ka da bakin bayani. Ni yawanci tsallake su nake yi, ba dole ba ne, amma ba gem ɗin yara ba ne, kada ka bar su autanku a gabansa.

Faifan Zero yana wurina, ba sai ka sauke ba. Ka zo ranar Asabar bayan azahar ka karɓa, kuma ka taho mini da fad ɗina da ka ara tun kafin azumi, na ga ka yi shiru a kai.