Daga takalmin Bata zuwa keken ɗinkin Inna: amsoshin wannan makon

Wasiƙu uku na zaɓo. Biyu kewar tsofaffin kantuna ce ta sa aka rubuto su, ta ukun kuma daga saurayin da bai taɓa shiga irin waɗannan kantuna ba. Zan fara da ta dattijo.

Tambaya daga wani malamin makaranta mai ritaya, Kaura Namoda: "Malam, jikokina huɗu ne a firamare, kuma kowane zango sai na sayi takalma. A zamaninmu Cortina ɗaya ta Bata yaro ke sawa har ta yi masa kaɗan ya bar wa ƙanensa. Wai ina su Bata da Kingsway da Leventis suka shiga? Kuma wane takalmi zan saya da zai kai shekara?"

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kun sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, don ni ma da Cortina na gama firamare. Har gobe ina tuna ranar da mahaifinmu ya kai ni kanti, aka zaunar da ni a benci, ma'aikaci ya durƙusa ya auna ƙafata, ya ce in taka in zagaya ya gani. Farashi na manne a jikin kwali, babu "nawa ka saya", babu "albarka". Aka rubuta rasit, mahaifinmu ya ninke ya sa a aljihun gaba.

Ku mutanen Kaura kun fi mu sanin yadda kanti ya shigo ƙasar nan, tunda a garinku layin dogon da ya taso daga Zariya ya tsaya a 1929. Jirgi ya zo, kamfanonin Turawa suka biyo sawunsa, suna sayen gyaɗa da auduga da fatu, suna sayar da atamfa da gishiri da kananzir da kwanuka. Shi ya sa har yau akwai unguwar da ake ce wa Kanti a Gusau. Manyan da kuka lissafa kuwa galibi na manyan birane ne. Kingsway na kamfanin UAC ne, an buɗe na Legas a 1948, daga baya rassa suka bazu. Ɗan Zamfara sai tafiya ta kai shi Kano ko Kaduna yake leƙa su.

Ba dare ɗaya suka mutu ba. A 1972 gwamnatin Gowon ta kafa dokar mayar da harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa, aka ƙara mata ƙarfi a 1977. Sai farashin man fetur ya faɗi a duniya, gwamnatin Shagari ta tsuke bakin aljihu a 1982, shigo da kaya ya koma sai mai lasisi. Da Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 Naira ta rushe. Kantin da rabin kayansa daga waje suke, masu sayensa kuma ma'aikata ne da albashinsu ya daina kai su ƙarshen wata, ga haya ga wuta ga albashin yara, ina zai iya ja da mai rumfa a kasuwa? Ɗaya bayan ɗaya suka rufe ƙofa. Irin wannan ce ta sake faruwa daga baya: kamfanin Afirka ta Kudu mai Shoprite ya sayar da rassansa na Najeriya a 2021, kuma a farkon 2024 aka rufe reshen Kano. Sunayen dai ba su tafi ba. Yaran mota a Kano na nan suna kiran "Bata, Bata!", a Kaduna kuma ana kwatance da shataletalen Leventis, alhali masu kwatancen da yawa ba su san me aka taɓa sayarwa a wurin ba.

Gaskiya kuma, Baba, kantunan nan ba na kowa ba ne. Manomi bai cika shiga ba, kuma ba su san bashi ba, ba su san "sai an sayar da wake" ba. Ɗan kasuwarmu ya san wannan. Abin da ni na fi kewa shi ne samun inda za ka mayar da kaya in sun ɓaci, a karɓa ba tare da rantse-rantse ba. Wannan kuwa ana iya nemansa har yanzu: ku tsayar da mutum ɗaya mai shago, wanda gobe za ku same shi a inda kuka bar shi, ku riƙa saye a wurinsa. Mai jikoki huɗu ba ƙaramin ciniki ba ne, ba zai so ya rasa ku ba.

Batun takalmi, ku tafi da yaran, kada a auna da tsinke ko zare. Ku je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar tazarar faɗin babban yatsa a gaba. Ku juya bayan maɗaurin: fata ta gaskiya bayanta gashi-gashi ne, ta bogi za ku ga kamar an manna yadi. Ku lanƙwasa ƙasan takalmin, in ya nuna farin layi ko ya fara rabuwa da saman, ku ajiye. Mafi yawan na yanzu gam kaɗai ke riƙe da su, kuma zafin ƙasarmu ba ya barin gam. Don haka tun yana sabo, kafin yaro ya taka, a kai wa shumeka ya zagaye shi da ɗinki. Wannan ɗan kuɗin shi ke sa takalmin zango ɗaya ya ga ƙarshen shekara. Kada ku raina ɗan Aba, hawa-hawa ne, ku ce a fito muku da na sama. Na gwanjo yakan yi ƙarko, amma wanda ya daɗe a dila ƙasansa kan rududduge kamar gurasa, sai an matsa da yatsa an ji. Da damina kuwa a ba su na roba, a ajiye na fatar.

Tambaya daga wata uwa, Tudun Wada, Gusau: "Malam, ɗiyata za ta yi aure bayan Babbar Sallah, kuma ta koyi ɗinki. Ina da keken Singer da mahaifina ya saya mini a kanti lokacin aurena, ya daɗe a ajiye. Ƙawayena sun ce abin kunya ne a kai tsohon keke ɗakin amarya, in sayi sabo mai lantarki. Kuɗin kuwa da ƙyar. Ya zan yi?"

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin. Ki fito da keken nan yau ɗin nan. Baƙaƙen kekunan da ƙarfe ne ciki da waje, kuma Butterfly na China da telolinmu ke amfani da shi a kan fasalinsu aka ƙera shi, shi ya sa kayan gyara ba sa wuya. Ki juya ƙafarsa da hannu. In yana motsi, ko da ƙyar ne, yawanci tsohon mai ne ya daskare. Ki tambayi telan unguwarku wa ke yi masa gyara, a kai can. Za a wanke da kananzir, a sa man keke, a canja bel da allura, a duba gidan zaren ƙasa. Ki gargaɗi amarya kada ta taɓa ɗiga masa man gyaɗa, danƙo yake yi ya kama komai. Kafin ki biya mai gyara, a ninke atamfa huɗu a ɗinka a gabanki, ki juya ki ga zaren ƙasa bai yi tsalle ba, bai cukurkuɗe ba.

Mai lantarki mai araha sau da yawa haƙoran cikinsa na roba ne, kuma ke kin san halin wuta a Gusau. Amarya ta karɓi ɗinkin Sallah, wuta ta ɗauke kwana biyu, me za ta ce wa masu kaya? Na ƙafa ba ruwansa, kuma ana iya ɗaura masa ƙaramin inji daga baya. Ba zan ɓoye miki ba, akwai abin da tsohon ba ya yi: ɗinki miƙaƙƙe kawai ya sani, ba ya kwalliya, ba ya daje bakin yadi. Wannan sai sana'a ta kankama ta saya da guminta.

Maganar kunya kuwa ta taɓa ni. Keken da kakanta ya saya wa mahaifiyarta, ni ban ga abin da ya fi shi daraja a ɗakin ba. A yi masa sabon teburi, a goge shi, amma kada a shafe zanen ruwan zinariyar da fenti. Rarar kuɗin ki saya mata almakashi mai kyau da dutsen guga na gawayi da zaruruwa.

Tambaya daga wani saurayi, Talata Mafara: "Yaya, na ga fanka mai caji a Facebook, kusan rabin kuɗin da ake sayarwa a Gusau. Mai shafin ya ce in tura kuɗin duka, zai sa a mota daga Legas. In tura?"

Ƙanena, kada ka tura. Na taɓa yin haka a kan fitila mai caji, ta iso batirinta a mace, na kira lambar har na gaji. Araha ba ta ado, balle ta wanda ba ka san ƙofar shagonsa ba. In dole sai ta intanet, to sai kaya sun iso hannunka ka biya, kuma sunan asusun ya dace da sunan kasuwancin. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar koke, amma sai da shaidar ciniki da wanda za a iya nemowa.

Fanka mai caji batirinta ne ke fara mutuwa, don haka tambayarka ta farko ga mai shago ita ce: ana cire batirin, kuma ana samun irinsa a nan? A kunna a gabanka, a zare daga wuta, ka ga ta ci gaba da juyawa da ƙarfi. A rubuta maka rasit mai sunan shago da lambar fankar da kwanakin da aka yarda ka dawo da ita. In ka kai gida kada ka riƙa barin cajin ya ƙare ƙaf, kuma in da hali ka saya tun cikin hunturu, kafin zafin Maris ya sa kowa ya fito nemanta.